Tsaka mai wuya: wacce za ka fara kiwo, mai kunya ko mai sakin jiki?

Idan aka ce wa Bahaushe tsaka, abin da ke faɗo masa a rai shi ne 'yar fara-farar halittar nan da ke laɓewa a bayan labule ko kusa da ƙwan lantarki da daddare. Tun muna yara aka tsoratar da mu da ita, aka ce idan ta faɗa cikin abinci sai a zubar, har aka jingina mata kuturta, alhali kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tsaka kuwa ko dafi ba ta da shi. Akwai kuma hadisin da ya yi magana a kan kashe wazaga, wato tsaka da Larabci, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya fara zuwa wajen malaminsa kafin ya zo wajena. Tsakar da nake magana a kanta daban take da ta bangon ɗakinmu. Da rana take yawo, da dare ta yi barci, jikinta kore shar kamar ganyen damina, wata da ɗigon ja, wata da shuɗiyar wutsiya.

Masana suna kiran wannan dangi Phelsuma. Wani Bature ɗan Ingila, John Edward Gray, shi ya raɗa sunan a 1825 don girmama wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Murk van Phelsum. Nau'o'insu sun kai hamsin da 'yan kai, mafi yawa a Madagaska, sauran a ƙananan tsibiran tekun Indiya irin su Morishas, Riyuniyan, Komoros da Seshel. A Jamus da Holan da Amurka kiwonsu ya daɗe da zama abin sha'awa, har a Jamus akwai ƙungiya ta masu kiwon Phelsuma zalla, kuma kasuwar dabbobi masu rarrafe da ake ci a garin Hamm na daga cikin manyan wuraren da ake cinikinsu.

Abu ɗaya ya haɗa su duka: kyan ɗan maciji gare su, a gani da ido a bar shi nan. Fatarsu ba ta da ƙwari. Ka damƙe ta, sai fatar ta yage ta bar maka a hannu ita ta tsere, ko ta yar da wutsiya. Fatar tana warkewa, wutsiyar tana sake tsirowa, amma tabon ba ya ɓacewa. Wanda yake son dabbar da zai ɗora a kafaɗa ya nemi aku.

To tunda ido ne kawai rabonka, tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce: za ka riƙa ganinta kuwa? A nan masu kiwo suka rabu gida biyu. Akwai nau'o'in da ke sabawa da mutum, su zauna a fili suna kallonka kana kallonsu. Akwai kuma waɗanda inuwarka kaɗai ta isa ta sa su ɓace kamar walƙiya. Abin haushin shi ne masu kunyar nan su ne suka fi kyau a hoto, su ne kuma sabon shiga yake fara ƙyallawa ido.

Bari mu fara da babbar cikinsu a kasuwa, Phelsuma grandis, 'yar arewacin Madagaska. Tana kaiwa santimita 25 zuwa 30 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, kore mai haske, da jan layi daga hanci zuwa ido. Da ana ɗaukarta reshe ne na Phelsuma madagascariensis, sai a 2007 aka ware ta a matsayin nau'i mai zaman kansa, shi ya sa har yanzu za ka ji tsofaffin masu kiwo suna cakuɗa sunayen biyu. Ita ce mai yafiya. Ka yi kuskuren danshi na kwana biyu, ba za ta mutu ba. Abincinta ba ya wahalar samu, domin bakinta ya isa gyare da kyankyaso manya. Idan ta saba da kai har lasar ayaba take yi daga kan cokali. Tana iya shekara 15, wasu ma su haura.

Amma tana da nata halin. Na farko, wuri: akwatin gilashi mai faɗin santimita 45 da tsayin 60 shi ne mafi ƙanƙanta ga guda ɗaya, kuma idan kana son ma'aurata su zauna lafiya sai ka nemi mai tsayin 90. Na biyu, faɗa. Maza biyu ba sa zama keji ɗaya, wannan kam ba a ko gwadawa. Hatta mace da namiji, idan jininsu bai haɗu ba, sai ka wayi gari ka tarar da ɗaya da yagaggen wuya. Na uku, tana cin 'ya'yanta. Ƙwan da ka bari ya ƙyanƙyashe a cikin kejin iyaye, karin kumallo ka ajiye musu. Ga kuma kwaɗayi: ka biye mata da kayan zaƙi, sai ta yi teɓa har wuyanta ya yi kauri.

Sai wadda ni ta fi kwanta mini a rai, Phelsuma klemmeri. Ba ta wuce santimita 9 zuwa 10, kanta rawaya, bayanta shuɗi mai sheƙi, da baƙin layi a kowane gefe. Masana ba su san da ita ba sai a 1991, lokacin da Robert Seipp ya bayyana ta ya sa mata sunan masanin nan na Jamus, Konrad Klemmer. Gidanta dajin gora ne a yankin Ampasindava, arewa maso yammacin Madagaska, kuma jikinta a baje yake, shafal, don ta iya kurɗawa cikin tsagar gora. A daji tana cikin haɗarin ƙarewa saboda ƙanƙantar mazauninta, amma a hannun masu kiwo ta yaɗu sosai, domin haihuwa ba ta yi mata wuya.

Abin mamaki game da ita, duk da ƙanƙantarta ta fi manya da yawa sakin jiki. Da zarar ta san tana da tsagar da za ta faɗa idan ta ji motsi, sai ta fito ta baje a kan gora tana shan haske, kai kana zaune kusa da ita. Iyayen ba su cika damuwa da 'ya'yansu ba, har masu kiwo da dama suna barin ƙananan su tashi a kejin iyaye. Akwati mai santimita 30 a faɗi da 45 a tsayi ya ishi ma'aurata, ko da yake wanda ya fi haka ya fi. Matsalarta ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: jikin nan da ke shiga tsagar gora yana shiga kowace tsaga. Ratar da ke tsakanin murfin gilashi biyu, ramin da wayar fitila ta bi, gefen raga da bai manne ba, duk ƙofa ce a wajenta. Jaririyarta kuwa ba ta fi santimita 3 ba. Kafin ka sa ta a keji, ka bi kowace kusurwa da tsinken ashana. Inda tsinke ya shiga, ita ma za ta shiga.

Tsakanin waɗannan biyun akwai Phelsuma laticauda, mai ɗigon zinariya a wuya da kafaɗa, santimita 10 zuwa 13. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta cika tsibiran Hawayi tun da aka sake ta a can a 1974. Tana da juriya, tana haihuwa da wuri, farkon zuwanta tana ɓuya daga baya ta saki jiki. Sai dai namijinta mafaɗaci ne fiye da girmansa, yakan matsa wa mace har ta daina fitowa cin abinci. Ba laifi a fara da ita, amma ban ga abin da ta fi klemmeri da shi ba in ban da sauƙin kuɗi.

Yanzu ga masu kunyar, waɗanda dominsu na ɗauki alƙalami. Mafi shahara su ne 'yan tsibirin Morishas: Phelsuma cepediana, wadda namijinta ke da shuɗin baya da wutsiya kamar an tsoma shi a baba, Phelsuma guimbeaui mai zanen ruwan lemo a kan kore, da Phelsuma ornata, 'yar ƙarama mai ado a ka, wadda a gudu ba ta da na biyu. Duk ba su da girma, daga santimita 11 zuwa 16 ko kusa da haka. A tsibirinsu suna da aiki na gaske: cepediana tana shan ruwan furen wasu itatuwa da babu su ko'ina sai can, irin su Trochetia blackburniana da Roussea, tana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan kamar yadda ƙudan zuma ke yi.

Kunya muke cewa, amma gaskiyarta tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Halitta ce da tsuntsaye ke farauta daga sama, ciki har da shahon Morishas wanda irin wannan tsaka ce babban abincinsa. Duk abin da ya gifta ta samanta, a wajenta mutuwa ce ta zo. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin kiwonta. Kejin da ake buɗewa ta sama bai dace da ita ba, sai mai ƙofa ta gaba. Kada a ajiye shi a ƙasa ko kan ɗan tebur, a ɗaga shi ya kai tsayin ido ko ya ɗara, don ita ta riƙa kallonka daga sama. A rufe bayan kejin da gefe biyu da ɓawon itace ko allo, a bar fuska ɗaya kawai. Kada ya kasance a hanyar da yara ke kai da kawowa, ko kusa da talabijin, ko inda kyanwa za ta zo ta zauna ta zuba masa ido.

Sai kuma abin da sabon shiga ya fi kasa yarda da shi. Idan ya ga tsakarsa kullum a ɓoye, dabarar da ke zuwa masa ita ce ya rage ganye da gora don ta rasa maɓoya. Wannan shi ne kuskure mafi muni. Wadda ba ta da wurin gudu ba ta fitowa ko kaɗan. Sai ta manne a kusurwa ɗaya, launinta ya dushe ya koma duhu, ta daina ci. Wadda kuwa ta san taku ɗaya ne tsakaninta da maɓoya, ita ce ke da ƙarfin halin zama a fili. Saboda haka a cika kejin: gora a tsaye, gora a gicciye dab da fitila, wasu a huda musu rami a gefe, da shuke-shuke masu faɗin ganye. Moɗa, wadda masu furanni ke sayarwa da sunan Sansevieria, tana da amfani ƙwarai, don ganyenta a miƙe yake, santsi gare shi, kuma yana ɗaukar nauyinsu. Sannan ka tsayar da lokaci. Fesa ruwa da safe a sa'a ɗaya, abinci a gurbi ɗaya, hannu a hankali kuma daga ƙasa. Bayan wasu watanni wasu sukan daina gudu. Wasu kuwa har su mutu ba za su daina ba, musamman waɗanda aka kamo daga daji, kuma babu dabarar da za ta canza su.

Wahalar mai kunya ba rashin ganinta kaɗai ba ne. Dabbar da ba ka gani ba ka san halin da take ciki ba. Grandis idan ta rame, ranar za ka lura. Guimbeaui tana iya yin mako biyu namiji yana korarta daga abinci da haske, kai kana cewa ai kunyarta ce, sai ranar da ka tsince ta a ƙasan keji. Dole ka koyi karanta alama: kashi a kan ganye, sawun harshe a cikin kwanon abinci, saɓar da ta fita duka ko ta maƙale a yatsu. Dole kuma ka tanadi keji na biyu a shirye tun ranar farko, don raba su idan zama ya ƙi. Buɗe ƙofa ma sai da lissafi. Ornata ba ta gudu zuwa ciki kawai, takan biyo hannunka ta fito, ta haye bango ta shige bayan silin kafin ka ce kwabo. Masu kiwonta suna rufe ƙofar ɗaki da taga tukuna, kuma suna kama ta da kofin roba mai haske da ɗan kwali, ba da hannu ba.

A wajen ƙwai ne bambancin ya fi fitowa fili, kuma wanda ke da niyyar hayayyafa ya tsaya nan da kyau. Duk dangin suna yin ƙwai biyu-biyu, wani lokaci ɗaya, masu taurin ɓawo, sau da yawa a cikin shekara. Grandis da klemmeri da laticauda ba sa manna nasu a jikin komai. Mace takan kwanta ta riƙe ƙwan da ƙafafun baya har su bushe su haɗe da juna, sannan ta aje su cikin gora ko a gindin ganyen moɗa. Kai kuma sai ka ɗauke su a hankali, ba tare da ka juya su ba, ka ɗora a kan murfin kwalba, ka sa cikin roba mai damshi a ƙasa yadda ruwa ba zai taɓa ɓawon ba. A zafin digiri 27 zuwa 28, na klemmeri da laticauda sukan fashe cikin kwana 40 zuwa 50, na grandis wajen wata biyu.

'Yan Morishas kuwa manna ƙwai suke yi. Inda mace ta zaɓa, nan ƙwan zai zauna daram kamar an sa siminti, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin ɓamɓare shi ya fasa shi. Idan ka yi sa'a ta manna cikin guntun gora, sai ka cire gorar gaba ɗaya. Shi ya sa masu wayo suke yanka gora gajeru, masu sauƙin cirewa, wasu ma su naɗe takarda su zura a ciki don ƙwan ya manne a takardar. Idan ba ka yi sa'a ba ta manna a jikin gilashi, sai dai ka kife ɗan kofi mai hujoji a kansa ka liƙe, ƙwan ya ƙyanƙyashe a nan, a zafin da kejin ya ga dama. Wannan kuma ya kai mu ga ciwon kan da masu kiwon cepediana da guimbeaui suka daɗe suna kuka da shi: ƙarancin maza. Sun lura cewa zafin da ƙwai ya samu yana da hannu wajen zama mace ko namiji, kuma a keji mata ne ke fitowa da yawa. Sai mutum ya tara mata biyar ko shida yana neman namiji ɗaya, idan ya samu kuma kuɗinsa ya ninka na mace. Ka sa wannan a lissafi tun kafin ka sayi "ma'aurata" ƙanana da ba a tantance jinsinsu ba. Namiji baligi ana gane shi da layin 'yan ramuka masu kauri a ƙarƙashin cinyoyinsa; mace mai ƙwai kuma da kumburi biyu a gefen wuya, inda take ajiyar sinadarin kalsiyam.

Abinci da haske kusan ɗaya ne ga kowa, don haka ba zan daɗe a kai ba. Ƙwari sau biyu ko uku a mako, a barbaɗa musu garin kalsiyam, da ɗan abin zaƙi sau ɗaya ko biyu: gwanda, mangwaro ko ayaba da aka dama, ko garin da kamfanoni irin su Repashy da Pangea ke haɗawa. A Madagaska an ga wasunsu suna lasar darɓa kai tsaye daga jikin ƙwarin da ke fitar da ita. Fitilar UVB, mai ba da irin hasken rana da jiki ke haɗa bitamin D da shi, wajibi ce, domin in babu ita jiki ba ya sarrafa kalsiyam, ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, mace mai ƙwai ta fara karkarwa. Bambancin kawai shi ne girman baki. Jariran ƙananan nau'o'i sai ƙudajen 'ya'yan itace marasa tashi, waɗanda dole kai ma ka koyi kiwonsu a kwalba, kuma ranar da kwalbar ta mutu ranar jariranka suka fara yunwa. Kada ka ɗebo ƙwari daga gonar da aka yi wa feshi.

Ga mai karatu da ke Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, akwai wani alƙali da ya fi duk abin da na faɗa ƙarfi, wato yanayi. Waɗannan halittu suna son zafin digiri 25 zuwa 28, da gurbi ɗaya ƙarƙashin fitila mai kaiwa 30 zuwa 33, da danshin iska kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. A bazara ɗakunanmu suna haura 40, a hunturu kuma danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Bature yana fama da ɗumama keji, mu namu faman sanyaya shi ne, kuma akwatin gilashi a ɗakin da aka ɗauke wuta da tsakar ranar Afrilu tanda ce. Wanda ba shi da sola ko wata tsayayyar hanyar sanyaya ɗaki dare da rana, ya haƙura da 'yan Morishas gaba ɗaya, domin su ne suka fi buƙatar danshi da iska mai motsi a lokaci guda. Mazaunin Jos ko Gembu yana da sauƙi a nan. Idan kuwa zafi da bushewa ne damuwarka, akwai Phelsuma standingi ta kudu maso yammacin Madagaska, yankin da shi ma busasshe ne. Girmanta ya kusa na grandis, launinta bai kai na sauran ɗaukar ido ba, toka-toka da shuɗi-shuɗi, amma ta fi su jure zafi, ma'auratanta sukan zauna lafiya shekara da shekaru, kuma ba su cika taɓa 'ya'yansu ba. Ita ma dai ba za ta rayu a digiri 42 ba.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Mai ɗan wuri da ke son ganin haihuwa da wuri, klemmeri. Mai fili da ke son dabbar da za ta san shi, grandis guda ɗaya, ba ma'aurata ba, har sai ya shekara da ita. Cepediana da guimbeaui da ornata kuwa sai wanda ya riga ya raini jarirai zubi biyu ko uku na wani nau'in har suka girma, yana da ɗakin da ba a yawan shiga, kuma ransa ba zai ɓaci ba idan ya biya kuɗi mai yawa ya ƙare da kallon ganye. Wanda abin da ke burge shi shi ne ya zauna shiru rabin sa'a har shuɗin kai ya leƙo daga ramin gora, shi ne mutuminsu.

Duk wadda ka zaɓa, takarda tana gaba da kuɗi. Dangin Phelsuma gaba ɗaya suna cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suka sa wa hannu, don haka ba a ƙetare iyaka da su sai da izini. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka taƙaita fitar da mafi yawan nau'o'in Madagaska daga daji. Nemi wadda aka haifa a keji: ta fi lafiya, ba ta zuwa da ƙwayoyin cuta na daji, kuma tun tana jaririya ta saba ganin mutum. Kada kuma ka taɓa sakin wadda ka gaji da ita. Grandis da aka kai Morishas ta bazu a can, kuma inda ta kafa, 'yan asalin tsibirin suna raguwa. Ka tambayi mai sayarwa ranar da ta ƙyanƙyashe, da zafin da aka kwantar da ƙwan, da abin da take ci yanzu, ka ce ya turo maka bidiyonta tana ci. Ranar da ta iso, ka buɗe robar a cikin keji, ka rufe ƙofa, ka bar ta ta fito da kanta. Mako biyun farko ruwa da abinci kawai za ka kai, ko hoto kada ka ɗauka.